Tambaya da Amsa: Firintar ofis ta ce an hana izini

Uku daga cikin wasiƙun da suka iso mana daga Maradi a wannan karo duk a kan firinta suke, musamman wadda kwamfutoci da yawa suke tarayya a kanta a ofis ɗaya. Mun rage tsawon gaisuwa domin fili ya isa. Da yake yawancin kwamfutocin ofisoshinmu da Faransanci suke magana, mun kawo sunayen wuraren da za a danna kamar yadda suke fitowa a allo.

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Ali Ɗan Sofo. Muna da kwamfuta biyar da firinta ɗaya, wadda aka haɗa da wayar USB a jikin kwamfutar darakta mai Windows 10, sauran kuma suna aika mata aiki ta Wi-Fi. Biyu daga cikinsu suna bugawa lafiya lau. Sabuwar kwamfutar da aka saya wa mai kula da kuɗi kuwa, mai Windows 11, duk lokacin da muka nemi haɗa ta sai ta tambayi suna da kalmar sirri, alhali kwamfutar darakta ba ta da wata kalmar sirri, kuma idan muka bar gurbin babu komai sai ta ce Accès refusé, wato an hana izini. Tsohuwar da nake aiki da ita, mai Windows 7, a da tana bugawa, amma tun da aka kai ta darakta wurin gyara aka sabunta ta, sai lamba 0x0000011b take nuna mini. Mai gyaran ya ce a goge dukkansu a sake zuba Windows, jika biyar kowace ɗaya. Ga jarrabawar gwaji ta BEPC ta matso, ni kuma kullum ina zirga-zirga da filashi tsakanin ofishina da na darakta. Ina mafita?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam sakatare. Kafin komai, kada a goge ko ɗaya. Sake zuba Windows a nan gyaran gangar Auzinawa ne, domin jika ashirin da biyar za su tafi, takardun makaranta su shiga haɗari, kuma da zarar kwamfutocin sun sake karɓar sabuntawa daga Microsoft matsalar za ta dawo yadda take. Babu abin da ya lalace. Kwamfutar darakta tana yin abin da aka tsara mata ne, wato bincikar duk wanda ya zo kafin ta karɓi takardarsa.

Firintar da aka haɗa da wayar USB ba ta san akwai wasu kwamfutoci a ofis ba. Kwamfutar darakta ce mai gida, ita ce take karɓar aiki ta miƙa mata. Mai neman bugu sai ya gano ƙofar gidan, ya yi sallama a zaure a san ko shi wane ne, sannan a duba ko yana cikin waɗanda aka yarda su taɓa firinta. Abin da yake rikita mutane shi ne saƙon hana izini yana iya fitowa daga zaure, yana iya fitowa daga cikin gida, kuma lafazinsa kusan iri ɗaya ne.

Ga gwajin da zai raba gardama cikin minti guda. A kan sabuwar kwamfutar, ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta sunan kwamfutar darakta bayan karkatattun layuka biyu, misali \\DARAKTA, ka danna Entrée. Idan ta ce ba ta ga wannan suna ba, to ba a kai ga maganar izini ba tukuna, rezo ne, wato hanyar sadarwar da take tsakanin kwamfutoci, bai haɗa su ba. A irin wannan hali ana duba ko kwamfutocin biyu suna kan akwatin intanet ɗaya, ta hanyar rubuta ipconfig a tagar Invite de commandes ta kowace ɗaya a kwatanta adireshinsu: idan ta farko tana 192.168.1.20, ta biyu kuma tana 192.168.8.100, akwatuna biyu ne daban. Ana kuma tabbatar da cewa kwamfutar darakta ta ɗauki Wi-Fi ɗin a matsayin Réseau privé, domin idan ta ɗauke shi a matsayin Réseau public, katangar tsaronta takan rufe ƙofar raba firinta gaba ɗaya. Amma tun da ka ce tana tambayar suna da kalmar sirri, kai ka riga ka wuce wannan mataki, a zaure aka tsayar da kai.

Dalilin tsayarwar kuwa shi ne ainihin abin da kake ganin ya kamata ya sauƙaƙa lamarin, wato rashin kalmar sirri. Tun zamanin Windows XP, asusun da ba shi da kalmar sirri ana iya buɗe shi ne kawai idan mutum yana zaune gaban kwamfutar, ba a shiga da shi ta rezo. Saboda haka duk sau nawa ka rubuta sunan darakta ka bar gurbin kalmar sirri fayau, amsar ɗaya ce. Kwamfutoci biyun da suke bugawa lafiya, ga dukkan alamu, suna shiga ne a matsayin baƙi marasa suna, abin da yake yiwuwa idan an kashe Partage protégé par mot de passe, wato saitin da yake neman kalmar sirri kafin a raba firinta, a kan kwamfutar darakta. Windows 11 Pro, daga fitowar 24H2 ta watan Oktoba na 2024, ta daina yarda da irin wannan shiga ta baƙunta sai idan an tilasta mata, kuma ina kyautata zaton wannan ne ya sa sabuwar ta bambanta da ƴan uwanta.

Maganin da na fi so ba ya buƙatar darakta ya bayar da sirrinsa ga kowa. A kan kwamfutarsa a buɗe sabon asusu na gida, mara ikon shugabanci, a sa masa suna mai sauƙi kamar buga, a ba shi kalmar sirri ta gaske. Sannan a kan sabuwar kwamfutar a shiga Gestionnaire d'identification, wato wurin da ake adana sunaye da kalmomin sirri, a ƙara bayanin shiga na Windows: adireshi DARAKTA, sunan mai shiga DARAKTA\buga, sai kalmar sirrin. Sanya sunan kwamfutar kafin sunan asusun yana da muhimmanci, domin shi ne yake gaya wa Windows a gidan wa za ta nemi wannan mutum. Idan akwai tsohon bayani da aka taɓa adanawa a wurin da kalmar sirri ta kuskure, a share shi, a sake kunna kwamfutar, in ba haka ba za ta ci gaba da gabatar da shi a ɓoye ana ta korar ta. A kuma lura cewa lambar PIN da ake buɗe Windows 11 da ita ba kalmar sirri ba ce. Tana aiki ne a kan na'urar da aka ƙirƙire ta kaɗai, ba ta tsallaka rezo.

Akwai wani tarko da na sha gani a kwamfutocin da ake sayowa na hannu a kasuwa. Mai shago yakan zuba musu Windows daga tushe ɗaya, sai a tarar duk asusun cikinsu sunansa User ko Admin, wani lokaci ma sunan kwamfutocin kansu iri ɗaya ne. Windows takan fara gabatar da sunan da mutum ya shiga da shi, to idan mai gida ma yana da wani User mai wata kalmar sirri daban, sai ya ɗauka sojan gona ne ya zo. Kwamfuta biyu masu suna ɗaya a rezo guda kuwa ba su taɓa zama lafiya. Ka duba wannan, sauya suna aikin minti biyu ne.

Da ka wuce zaure, saura izinin firintar kanta. A kan kwamfutar darakta ka buɗe Propriétés de l'imprimante, ka shiga shafin Sécurité. A yadda Windows take zuwa, rukunin Tout le monde, wato kowa da kowa, yana da izinin Imprimer, wato bugawa, kuma wannan ya wadatar. Idan wani ya cire shi, ka ƙara asusun buga ka ba shi wannan izini kaɗai.

Wataƙila a daidai nan sabuwar kwamfutar ta nemi izinin mai cikakken iko kafin ta ɗauki direban firintar, wato ƙaramar manhajar da masu Faransanci suke kira pilote. Wannan yana da tarihi, kuma shi ne tarihin lambar da take damun tsohuwar kwamfutarka. A tsakiyar 2021 aka bankaɗo wata ɓaraka a sashen buga takarda na Windows, wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, inda ɓarawon intanet yake iya mallake kwamfuta ta hanyar cusa mata direban bogi. A watan Agusta na wannan shekara Microsoft ta sauya doka, ta ce daga yanzu mai cikakken iko ne kaɗai zai ɗora direban firinta. A watan Satumba kuma ta tilasta cewa zancen da yake gudana tsakanin mai neman bugu da kwamfutar da take riƙe da firinta ya zama a rufe yake, kuma tun daga lokacin lamba 0x0000011b ta zama ruwan dare a ofisoshin da aka sabunta wasu kwamfutoci aka bar wasu. Kiɗa ya sauya a kwamfutar darakta ranar da mai gyara ya sabunta ta, taka kuwa tana nan tana tsohuwar rawa, domin Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020.

Ga sabuwar kwamfutar abin mai sauƙi ne: wanda yake da asusun shugabanci a kanta ya sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar, ya ɗora shi, sannan ya haɗa ta sau ɗaya. Idan ta nuna 0x00000709 ko 0x00000bc4, hakan yakan samo asali daga sauyin da Windows 11 ta yi tun fitowar 22H2 a kan hanyar da take tuntuɓar mai riƙe da firinta, kuma dabarar da zan faɗa yanzu tana yi mata magani ita ma.

Dabarar ita ce a sa kwamfuta ta ɗauka firintar a jikinta take. Ka ɗora direban Windows 7 a kan taka, kana lura ko mai 32 ce ko mai 64, domin direban ɗaya ba ya hawa ɗayar. Ka adana asusun buga a Gestionnaire d'identification kamar yadda aka yi wa sabuwar. Sannan ka zaɓi ƙara firinta ta gida, ka ce a ƙirƙiri sabuwar mashiga irin Local Port, kuma da ta tambayi suna ka rubuta cikakken adireshin rabon, misali \\DARAKTA\Firinta, daidai da sunan da yake shafin Partage. Da wannan kwamfutarka ce za ta shirya takardar da kanta, ta miƙa ta kamar yadda ake miƙa fayil, ba tare da bin hanyar da aka tsaurara ba. Illar dabarar ɗaya ita ce ba za ka riƙa ganin halin da firintar take ciki ba, ko takarda ta ƙare ko ta maƙale.

Na san wani zai ba ka shawarar shiga rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta na ciki, a kan kwamfutar darakta ka ƙirƙiri RpcAuthnLevelPrivacyEnabled ka sa masa sifiri. Yana aiki, ba na musu. Sai dai ma'anarsa ita ce cire ƙyauren da aka sa saboda ɓarayi domin maƙwabci ya ɓatar da makullinsa, kuma a kwamfutar da take ɗauke da sakamakon ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta ban ga hikimar hakan ba, balle ga shi Windows 10 ɗin kanta wa'adin kulawarta na yau da kullum ya cika a 14 ga Oktoba 2025.

Daga ƙarshe ka leƙa bayan firintar. Idan tana da ramin wayar rezo ko tana da Wi-Fi nata, a haɗa ta kai tsaye da akwatin intanet, kowace kwamfuta ta same ta da adireshinta. Duk wannan dambarwa ta suna da kalmar sirri za ta kau, kuma ranar da darakta ya kulle ofis ya tafi taro ba za a daina bugu ba. Abin da za ku rasa shi ne ikon tantance wanda zai buga, domin duk wanda ya san sirrin Wi-Fi, har ɗalibi mai waya, zai iya aika mata aiki.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina da shagon buga takardu da kwafi a kan hanyar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Firinta mai launi tana jikin babbar kwamfuta, kuma ɗana ya buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa a cikinta. Matsalata biyu ce. Idan aikin wani ya maƙale a layi, sauran ba sa iya share shi, sai ta ce ba su da izini, ga ɗalibai tsaye da kundin kammala karatu suna jira har sai na dawo. Ta biyu, tawadar launi tana ƙarewa da wuri, kuma ina zargin yaran shago da buga hotuna idan ba na nan. Ina son babban ma'aikacina ya iya share aikin kowa, yara kuma su tsaya a baƙi kawai.

AMSA

Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Ɗanki ya yi aiki mai kyau da ya raba asusun, domin ba don haka ba da babu yadda za a bambanta yaro da babba. Izinin firinta a Windows iri uku ne: Imprimer, wanda yake ba mutum damar bugawa, Gérer les documents, wanda yake ba shi damar tsayarwa ko share aikin da yake layi, da Gérer cette imprimante, wanda yake ba shi damar sauya komai, har da izinin wasu. A tsarin asali, kowa yana da iko a kan takardar da shi ya aika kaɗai, shi ya sa sauran suke tsayawa suna kallon aikin da ya toshe layi. Ki shiga shafin Sécurité, ki ƙara asusun babban ma'aikacin, ki ba shi na farko da na biyu. Kada ki ba shi na uku, ko da kin amince da shi, domin mai wannan izini yana iya cire ki daga jerin bisa kuskure.

Wani lokaci aikin yakan ƙi sharuwa ko ga mai izini. A nan sai an tsayar da Spouleur d'impression, wato sashen Windows mai kula da layin bugu, daga cikin services.msc, a share fayilolin da suke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ba tare da taɓa jakar kanta ba, sannan a sake tayar da shi. Wannan yana buƙatar asusun shugabanci, kuma yana kwashe duk abin da yake layi, har da na waɗanda ba su maƙale ba, don haka a sanar da masu jira tukuna.

Batun launi ya fi wuya, kuma gara in faɗa miki iyakar abin da Windows take iyawa. Ana iya ɗora firinta ɗaya sau biyu a kan mashiga guda, a kira ɗaya Baƙi a kira ɗaya Launi. A ta Baƙi a shiga shafin Avancé, a saita Impression par défaut a kan baƙi da fari, a bar ta ga kowa. A ta Launi kuma a cire Tout le monde daga jerin, a ƙara ke da babban ma'aikacin. Ki kula sosai a nan: cirewa ake yi, ba a danna Refuser. A dokar Windows hani yana rinjayar izini, kuma tun da ke ma kina cikin kowa da kowa, ranar da kika hana Tout le monde kin hana kanki. Rabin wasiƙun hana izini da suke zuwa mana daga ƙananan ofisoshi, in an bi diddigi, wannan akwatin ne wani ya danna da kyakkyawar niyya.

To amma wannan tsari yana hana kuskure ne da mai kasala, ba ya hana yaro mai wayo, domin yana iya buɗe zaɓin bugu a kwamfutarsa ya mayar da ta Baƙi zuwa launi. Kulle na gaskiya yana cikin manyan injinan ofis irin na Canon da Ricoh da Kyocera, waɗanda ake ba kowane ma'aikaci lambarsa a jikin injin a kuma iyakance masa launi. Idan taki ƙarama ce, abin da ya rage shi ne shaida. A cikin Observateur d'événements, wato wurin da Windows take rubuta abubuwan da suka faru, akwai kundin PrintService, sashen Opérationnel, wanda yake zuwa a kashe. Idan aka kunna shi, duk bugun da aka yi yana barin rubutu mai lamba 307 da sunan asusun da lokaci da yawan shafuka. Haka kuma a shafin Avancé ana iya iyakance sa'o'in da firinta take aiki, ta yadda abin da aka aika bayan an tashi zai zauna a layi har safiya, ki zo ki gan shi da idonki.

Kafin ki tuhumi yaran, ki san cewa firinta mai ruwan tawada tana shan launi wajen wanke kanta ko da baƙi kaɗai ake bugawa, musamman idan ana yawan kashe ta ana kunnawa, ko kuma ƙurar hunturu ta sa ana yawan umartar ta da wanke kai. Ki bar kundin ya yi mako biyu yana rubutu, sannan ki kwatanta da littafin ciniki.

TAMBAYA

Malam, ina aiki a ofishin wata ƙungiyar manoma a unguwar Zariya. Firintarmu tana kan Wi-Fi kai tsaye, ba ta jikin kwamfutar kowa. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai kwamfutata ta ce firintar tana Hors connexion, alhali abokin aikina yana bugawa. Shin shi ne yake toshe ni?

AMSA

Ɗan'uwa, ka wanke abokin aikinka, ba shi da hannu. Firintar da take kan rezo kai tsaye ba ta bin izinin Windows na kowa, kuma wanda aka hana izini ba Hors connexion, wato babu haɗi, ake ce masa ba. Abin da yake faruwa shi ne akwatin intanet yana raba adireshi ga na'urori gwargwadon yadda suka tashi, to idan wuta ta dawo wayoyin mutane suka riga firinta shiga, sai ta samu sabon adireshi. Kwamfutarka tana neman ta a tsohon, ta abokinka kuwa wataƙila an haɗa ta ta hanyar da take gano firintar da suna, shi ya sa sauyin bai dame ta ba.

Ka sa firintar ta buga shafin bayanin rezonta daga maɓallan jikinta, ka ga adireshin da take kai yanzu, ka kwatanta shi da wanda yake shafin Ports a cikin Propriétés de l'imprimante. Za ka tarar sun saɓa. Gyara na dindindin shi ne a shiga saitin akwatin intanet, a sashen DHCP mai raba adireshi, a keɓe wa firintar adireshi ɗaya ta hanyar lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidarta a rezo, wadda take rubuce a wannan shafi da ka buga. Daga nan sai ka gyara mashigar da take kwamfutarka ta nuna wannan adireshi, ka kuma rubuta shi a ƴar takarda ka manna a jikin firintar saboda wanda zai haɗa sabuwar kwamfuta nan gaba.